Kawu Sule da Waƙar Ƙatti Masu Kuka

Duk wanda ya taɓa shiga minicab, wato tasin ƙanin mahaifiyata, Kawu Sule, ya san ba abin da ke tashi a ciki sai kiɗan mutanen Latin Amurka. Ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba ya ji, amma haka zai yi ta bi yana buga sitiyari, mu muna baya muna ƙunshe dariya.

Kuma fa shi ne ya taɓa kai ƙarar maƙwabcinsa ɗan Kolombiya council, hukumar unguwarsu ta Deptford, saboda wannan kiɗan! Wata rana Kawu ya tare maƙwabcin a bakin flat ɗinsa: "Wai me ya sami mawaƙin nan yake ihu?"

"Kuka yake, ya ɓata wa matarsa rai, yana roƙon gafara."

"Ƙato da gashin baki? Tir!" Ya yi tsaki, ya juya, sai kuma ya dawo. "To, ta yafe masa?"

Ba a banza ya tambaya ba. A lokacin Anti Ladi, matarsa, ta tattara ta koma wurin 'yarsu Zainab a Stratford, don ya kushe miyarta a gaban baƙi, ya kuma rantse namiji ba ya ba da haƙuri. Ya rame da cin burodi da shayi, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Diet nake yi."

Tun daga ranar waƙar ta shiga ransa, har rawa matar maƙwabcin ta fara koya masa. Ta ce ya saki jiki ya bi ta. "Ni mace za ta ja? Ko sat nav mai nuna hanya a mota ba na bi, don muryar mace ce!" Ya tattaka mata ƙafa son ransa, daga baya dai ya bi.

Ni na raka shi Stratford. Anti ta buɗe ƙofa. Sai ya ɗaga waya ya kunna mata waƙar.

"Baban Zainab, ba na jin Spanish. Faɗa da Hausa."

Wallahi na zaci zai juya. Sai na ji ya ce: "Ladi, na yi kuskure. Ki yi haƙuri, gidan ba daɗi." Hawaye shar! Ya harare ni: "Hay fever ne." Murar da furanni ke kawowa lokacin zafi, a tsakiyar hunturu!

Ta dawo. Ita ce ta riƙe hannunsa a asibiti har ya cika. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yafe masa kamar yadda Anti ta yafe.