Kafaɗar Hadiza Kaɗai Ta Shiga Hoto

"Ni ba ni nuna bambanci," in ji mai shafin wasanni, yana kaɗa makullin moto.

Jiya ne a Keita. Na raka ƙanwata Rabi wurin wani mai babban shafin wasanni na Fesbuk. Tana rubuta memuwar ɗinta, wato kundin kammala jami'a, kan yadda ake ba da labarin wasannin mata.

Ta ce, "Malam, ƴan matan lise sun ci kofin ƙwallo satin da ya wuce. Ka sa?"

"Haba ƙanwata, ni na fara sawa!"

Ya miƙo waya yana murmushi. Munka duba. Ga shi tsakiya da kofi a hannu, ga manyan gari sun jeru, kowa da sunansa da muƙaminsa. Can gefe, kafaɗar wata yarinya.

Rabi ta ce, "Wadda ta ci ƙwallon fa, mi sunanta?"

Ya sosa ƙeya. "Wata ƴar Garhanga ce. Ai sunan ɗiya mace ba a baza shi a intanet."

Shi da ke watsa hotunan amare duk mako, yau ya tuna da kunya!

Uban yarinyar ya bar gona ya zo kallo, ya koma ƙauye yana cewa a duba Fesbuk. Sunka duba, sunka ga kafaɗa.

Sunanta Hadiza, ita ta ci ƙwallon. Ku faɗa mini, ko a garinku ma haka ake?