Ledar da Yaya ya hana a ɓare

Sai da na haura shekara arba'in kafin na yarda na faɗa a gaban mutane cewa ina son wasan kwamfuta. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta wajen Zawaciki. An yarda malami irina ya so shayi, ya so jarida, ya so gardamar ƙwallo a ɗakin malamai, amma ba a yarda ya ce burinsa shi ne ya zauna gaban allo yana tuƙa motar tseren da ba ta shan fetur ba. Don haka na daɗe ina karatun abin a ɓoye, har na san wane firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ne ya dace da wane katin sarrafa hoto, da irin ƙarfin wutar da kowanne yake ci. Ba kwamfutar attajirai nake nema ba. Matsakaiciya nake so, wadda zan haɗa da hannuna, ta ɗauki wasannin zamani ba tare da hoton yana tsalle-tsalle ba.

Kuskurena shi ne na gaya wa Yaya.

Yayana sitokifa ne a wani babban sito a Bompai. Aikinsa ya karɓi kwalaye, ya jera su, ya miƙa su, kuma a duk shekarun nan bai taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba. A wurinsa wannan shi ne cikar mutunci. Kujerun falonsa suna cikin ledarsu. Rimot ɗin talabijin ɗinsa yana cikin ledarsa, an ma ƙara masa wata a kai saboda ta asalin ta fara tsufa. Ba zan ce shi kaɗai ba ne, rabin Kano haka take. Ba ma sayen abu don amfani kawai, muna saye ne muna hangen ranar da za mu sayar, kuma a ranar leda ce kaɗai shaidar da dillali yake saurara.

Ya kuwa taimake ni, kada in zalunce shi. Akwai wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan kwamfuta da yake ajiya a sitonsu. Yaya ya yi masa magana, mutumin ya ba da kayan a kan amanar Yaya: a haɗa, a gwada, in ta yi a riƙe a biya, in ba ta yi ba a mayar masa da kayansa da ledarsu, don shi ba ya karɓar abin da aka ɓare. Yaya ya tambaye ni yadda za a san ta yi. Na yi masa bayanin manhajar gwaji, wadda take sa kwamfuta ta zana hotuna masu nauyi na ɗan lokaci, tana ƙirga guda nawa take fitarwa a kowace daƙiƙa. Na ce masa in ta ba da sittin, ta yi. Na ƙara da cewa wannan za ta ba da sittin tana barci. Na ga ya ajiye lambar a inda yake ajiye irin waɗannan abubuwa.

Wutar unguwarmu ba abin da za a yi gwaji da ita ba ce, don haka na nemi alfarmar wani abokina ɗan Filato, mai kula da injina a wata masana'antar leda da robobi a Sharada. Na koyar da 'yarsa, daga nan muka saba. Yana da ɗan ɗakin gyara a gefen masana'antar, da tebur mai faɗi da wuta wadda ba ta ƙiftawa. Wata Asabar muka ɗauko kayan daga Bompai a adaidaita sahu, ni da kwalaye a cinya, Yaya kuma ya rungume akwatin kwamfutar mai gefen gilashi kamar an ba shi riƙon jaririn wani. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi wa direban nasiha.

Haɗin ya fara lafiya. Na taɓa ƙarfen tebur don in sauke wutar jiki kamar yadda na karanta, na kwantar da babban allon da ake dasa komai a kai, na saka firosesa a gurbinsa a hankali, na danna sandunan ma'adanar bayanai har suka yi ƙas. Abokina yana riƙe min fitila, yana miƙo sukudireba. Yaya yana gefe yana aikin da ya zaɓa wa kansa: duk jakar da na ciro abu daga ciki sai ya ɗauka, ya miƙar, ya ninke, ya mayar cikin kwalinta. Har 'yan wayoyin da ake ɗaure kebul da su bai bari sun faɗi ƙasa ba.

Sai muka zo kan ƙarfen sanyaya. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai fanka a jiki, ana ɗora gindinsa na jan ƙarfe a kan firosesa don ya zuƙe zafi. A gindin nan akwai wata 'yar leda mai faɗin akwatin ashana, an rubuta mata da jan rubutu cewa a cire kafin a ɗora. Na sa farce a gefenta.

"Kai, kai, kai. Me za ka yi?"

"Cirewa zan yi, Yaya. Ku duba, su da kansu suka rubuta a cire."

"Su suka rubuta, amma ba su za su mayar da kayan ba. Bar ta."

Na ajiye ƙarfen. Na yi masa bayani da muryar da nake amfani da ita a aji uku, cewa ƙarfe yana miƙa zafi, leda kuma tana tare shi, shi ya sa ake yi wa tukunya mariƙin roba. Na ce in aka bar ta, firosesa zai yi zafi, in ya yi zafi zai rage gudu don ya ceci kansa, in ya rage gudu ba za mu ga sittin ba.

"Malam, ni ba ɗalibinka ba ne," in ji shi. "Wannan 'yar ficiciyar ce za ta tare zafi? Ka ɗora. In ta ci gwajin, ka ɓare duk abin da kake so, har fentin."

"Ai ba za ta ci ba sai an ɓare."

"To ka ga ke nan ba ta da ƙarfin da ka ce."

Na juya wajen abokina ko zai sa baki. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ni leda nake yi tun safe har yamma, wallahi ban taɓa ganin wanda yake girmama ta kamar ku ba. Bari in gaya wa manaja ya ba ku kalanda." Yaya ya yi dariya, ya ɗauki maganar a matsayin goyon baya.

Mai karatu zai ce me ya hana ni in fizge ledar kawai. Farce ɗaya ne. Amma wannan mutumin shi ya riƙe ni a makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, sunansa ne a kan kayan, kuma ga baƙo a tsaye. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata yayansa a gaban baƙo ko da duk littattafan kimiyya suna bayansa. Na ɗiga man nan mai launin toka da ake shafa wa firosesa, na ɗora ƙarfen da ledarsa, na ɗaure kusoshin, ina jin kamar likitan da aka sa ya ɗinke mutum da almakashi a ciki.

Sauran aikin ya ci mu har la'asar. 'Yan siraran wayoyin maɓallin kunnawa sun kusa makantar da ni, wata kusa ta faɗa ƙarƙashin allo sai da muka kife akwatin muka girgiza, Yaya yana salati. Da muka dawo daga salla mun tarar matar abokina ta aiko da gwate a kula, muka ci muna jiran manhajoji su gama shiga. Kwamfutar ta tashi a kunnawar farko, fitilunta suka haska, na ɗan ji daɗi duk da na san abin da ke tafe.

Lokacin ya yi daidai da tashin ma'aikatan safe, sai ga wasu sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Na kunna gwajin. Motoci suka bayyana a allo suna gudu cikin ruwan sama, lambar da ke kusurwa ta nuna sittin da wani abu. Yaya ya gyara hula. Ba a jima ba fankar ta fara kuka, ta ɗaga murya, ta ƙara ɗagawa. Ma'aunin zafi ya haura casa'in ya tsaya can. Lambar ta fara gangarowa kamar makin ɗalibin da ya gano soyayya, har motocin suka koma tafiya suna tsayawa suna tunani.

"Oga, injin markaɗe ne?" in ji wani daga ƙofa.

"A'a, jirgi ne, yanzu zai tashi," wani ya ba shi amsa.

Gwajin ya ƙare ko talatin ba ta kai ba. Yaya ya dubi allon, ya dube ni, da tausayi a fuskarsa, wanda ya fi faɗa ciwo.

"Sittin ka ce, Malam."

"Ledar ce, Yaya."

"Kullum sai an samu abin ɗora wa laifi. Kwance ta. Allah ya sa ban bari ka ɓare ba, da yanzu mun shiga uku."

Na kashe ta, na jira ta huce, na fara kwancewa. Abin da na yi shekaru ina karantawa zai koma kwali saboda wata aba da ba ta kai bawon albasa kauri ba. Na warware kusoshin ƙarfen sanyayar, na ɗaga shi, na miƙa wa Yaya don ya mayar da abinsa.

Ya juya gindin ya duba. Man tokar nan ya dame ledar kaf, ya shiga ƙarƙashin gefenta, zafi kuma ya sa ta yamutse a kusurwa ɗaya. Ya ciro hankici ya goga, man ya bazu. Ya ƙara gogawa, ya hau hannun rigarsa. Jan rubutun ma ya fara bin hankicin.

"Ba ka ce min wannan abin zai taɓa ta ba."

"A kanta kuka ce in ɗora."

"In mutumin nan ya ga wannan, cewa zai yi mun more kayansa sannan muka liƙa leda don mu rufe. Gara a ce babu ita da a gan ta haka."

Abokina ya leƙo ta kafaɗarsa. "Alhaji, kada ku damu. Muna da irinta a ciki, buhu-buhu. In yanko muku sabuwa daidai wurin, ko wanda ya ƙera ba zai gane ba."

Da wasa ya faɗa, amma Yaya ya ɗago kamar an mare shi. "Ni? In liƙa ledar ƙarya a kayan mutum? Shekara nawa ina riƙe makullin sito, ko allura ba a taɓa nema an rasa ba."

"Yi haƙuri, Alhaji, tayi ne kawai."

Yaya ya daɗe yana kallon gindin ƙarfen. Sannan ya yi bisimilla, ya sa farcen babban yatsa, ya ɗaye ledar a hankali, fuskarsa kamar mai cire filasta daga gyambon kansa. Jan ƙarfen ya fito yana walƙiya. Ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba, ya fita waje.

Na goge firosesa, na sake ɗiga mai, na ɗaure. Na kunna gwajin. Motocin suka shiga ruwan sama suka fita sumul. Fankar tana ta aikinta ƙasa-ƙasa, ma'aunin zafi ya zauna inda mai hankali yake zama, lambar kuma ta haye saba'in ta ƙi saukowa. 'Yan kallon ƙofa suka watse, tunda babu abin da zai fashe. Da sakamakon ya fito na tashi da sauri in kira Yaya, ina shirya irin fuskar da zan yi in ya ce ashe ina da gaskiya, fuskar da ba ta nuna murna da yawa.

Na same shi a inuwar wata tirela yana mayar da waya aljihu.

"Yaya, ku zo ku gani. Ta wuce saba'in."

"Na riga na kira mutumin. Na ce masa mun riƙe."

"Tun kafin ku ga sakamakon?"

"Wane sakamako? Tunda aka ɓare ai ta zama taka, ko goma ta ba da." Ya dubi tabon da ke hannun rigarsa. "Wannan man naku yana fita da omo?"

Na ce ban sani ba, ba a rubuta a littattafan da na karanta ba. Ya ce in je in haɗa kayana mu nemi adaidaita kafin magariba, kuma a wannan karon ni zan riƙe akwatin.