Zanin Inna a Tsakiyar Tebur

Shekarar da Inna ta rasu na fara koyon ɗinkin haɗe-haɗe a wani shagon yadi da ke titin Wendover, nan ƙasar waje inda nake zaune. Abin da aka fara koya mana shi ne doguwar shimfiɗar da ake ratsawa a tsakiyar teburin cin abinci. Hawa uku ake yin ta: yadin sama, yadin ƙasa, sai abin da ake sakawa a tsakani don ta yi kauri. Malamarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta baje mana samfura, na auduga da na roba, ta ce mu zaɓi marar kauri don kada kofi ya karkace. Na shafa su ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai kwanta mini ba. Mu da muke sauke tukunyar miya daga wuta zuwa tebur, ina ruwanmu da karkacewar kofi?

Ni na riga na san abin da zan saka. Cikin kayan Inna da Yayata ta kawo daga gida akwai wani tsohon zanen saƙi, ya koɗe, gefensa duk ƙunar wuta, domin da bakinsa take kama tukunya. Sauran kayan mun rabar sadaka. Shi kaɗai na riƙe.

Da na gaya wa Yaya a waya, sai ta tuƙo mota tun daga garin McLeansville inda take zaune.

"Kina da hankali kuwa?" in ji ta. "Kayan mamaci sadaka ake yi da su, ladan ya same ta. Ke kuma sai ki yanka, a riƙa ɗora masa kwanon miya? Ki je ki sayi batting ɗin da ake sakawa a tsakanin mana, kamar kowa."

"Yaya, wa zai karɓi wannan zanen? Ranar da muka bayar za a mayar da shi tsumman goge ƙasa."

"Ba ruwanki da abin da za a yi da shi."

"Da ruwana. Uwata ce ni ma."

Ban taɓa yi mata musu haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita ta samu ta yi jinyar Inna, ta ga fitar gawarta. Ni ina nan ina lodin kwali a wurin aiki aka kira ni aka sanar da ni rasuwar. Yaya tana fita na ɗauko almakashi. Na wanke zanen, na goge, na ninka biyu na yanka. Saƙin ya yi tauri har ya karya mini allura biyu. Malamarmu ta ce ba zai kwanta sumul ba, kuma gaskiyarta, bai kwanta ba.

Ranar Sallah Yaya ta zo. Ta ga shimfiɗar, ta kawar da kai. Na ɗauko tukunyar miyar taushe tana tururi na dire a kai. Yaya ta zuba nata abincin, ta ja kujera baya, ta ɗora faranti a cinyarta.

Har yau in ta zo gidana a cinya take cin abinci. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa naɗe shimfiɗar don za ta zo ba.