Ranar da mahaifiyata ta faɗi sunana

Shekarun baya, ƙodata duka biyu suka daina aiki. Ina zaune a unguwar Badariya cikin Birni, amma rabin rayuwata ta koma kan gadon wankin ƙoda. Na rame, na zama masifaffe, ko ƙarar cokali sai in yi tsaki. Likita ya ce mafita ɗaya ce, a samu wanda zai ba ni ƙoda.

Aka gwada ƙannena, babu wanda ya dace. Ashe mahaifiyata ta taso daga Argungu ta ba da jininta ban sani ba. Nata ne ya dace.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Kakata ce ta raine ni. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. "Wanga na Birni" take ce mini, ni kuma ina kiranta Yaya kamar yadda ƙannenta ke yi.

Muka tafi wani babban asibiti a wata jiha. Akwai wata likita da aikinta shi ne ta tabbatar ba sayen ƙodar aka yi ba, ba kuma tilasta wa mai bayarwa aka yi ba. Ba 'yar yankinmu ba ce, amma tana jin Hausa. Ta lura matar nan ba ta kallona, idan na zauna sai ta tashi. Ta kira mu ofis tare.

"Mama, wa za ki ba ƙodarki?"

"Wanga," in ji mahaifiyata, fuskarta na bango.

"Mene ne sunansa? Mene ne shi a wurinki?"

Ta sunkuyar da kai. Na yi wuf zan amsa, likitar ta ɗaga mini hannu. Ta ce idan ba ta ji daga bakin mai bayarwa ba, ba za a yi aikin ba, mu koma gida.

Gumi ya karyo mini. Na tuna allurar wanki, na tuna 'ya'yana. Wallahi haushinta na ji, wai ga ni ina mutuwa ana ta kunya.

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta faɗi sunana. A hankali, kamar mai taɓa tukunya da zafi. Ta ƙara da cewa, "Ɗana na. Ni nih haihe shi. Ba wanda yas sa ni."

Ƙato da gemu, na fashe da kuka har likitar ta miƙo mini ruwa.

Aka yi aikin, muka warke. Na ɗauka daga ranar komai ya canja. Ina! Ba ta sake faɗa ba. Har yau idan na shiga gidanmu a Argungu kunnena a tsaye yake, ko za ta yi suɓul da baka. Na daina jin haushi, na gane abin da ranar ta ci mata, amma ban daina jira ba.

Zuwana na ƙarshe, ina cin tuwon shinkafa a zaure, na jiyo ta tana ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wanga ya rage gishiri. Ƙodar ba tashi ta shi kaɗai ba."