Tabaraun da Hamma Ya Bari

Ina tankaɗen garin masara da la'asar direban kamfanin su Hamma ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Limawa. Ya ƙi shigowa. Ya ce, “Adda, sai haƙuri. An tare mu a hanya. Hamma bai tsira ba.” A wani ƙauye can arewa suka binne shi, in ji shi, don babu halin dawowa da gawa.

Hamma yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. A wani ƙaramin kamfani yake aiki a Jimeta, inda ake shirya wayar faiba da sabis ɗin waya ke bi. Cikinta zaren gilashi ne, siriri kamar gashi. Da hannu yake ɓare robar da ke jikinsa, ya goge, ya yanke bakin daidai. Aikin zaune ne a kan benci. Sai aka sayo inji mai aunawa, ya ɓare, ya yanke da kansa. Aka ce ba za a sallami kowa ba. A shekarun ne ake ƙona turakun sadarwa a arewacin jiha, ana neman masu zuwa gyara, kowa na noƙewa.

Bayan sadakar bakwai na je kamfanin. Ogansu ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce Hamma ne ya nemi tafiyar da bakinsa, tunda inji ya rage masa aiki. Injin yana ta aiki a bayansa, wayoyi na faɗowa cikin tire, duk tsawo ɗaya. Ogan ya miƙo mini leda: carbi, kofin shayi, da tabarau.

Tabaraun na tsaya kallo. Hamma ba ya ganin zaren nan sai da shi. Ko haɗin waya ɗaya aka kira shi a nan unguwar Demsawo, sai ya shafa aljihu sau biyu kafin ya fita.

Na ce, “Oga, wanda ya shirya tafiya gyaran waya, ya za a yi ya bar tabarau a kan benci?”

“Ɗan Adam yana mantuwa, Hajiya.” Ba ni ya duba ba, sai direban nan da ke tsaye a bakin ƙofa.

A waje na tambayi direban ko Hamma ya san inda za su. Ya ce shi tuƙi ne nasa. Can kuma, ƙasa-ƙasa, ya ce kaya aka ce wa Hamma za su sauke a garin Song, tun kafin inda ake rikicin, su juyo. Da na kira shi washegari, ya ce bai tuna ya faɗi haka ba.

Ban zargi kowa a gaban mutane ba. Na dai nemi a nuna mini takardar da aka rubuta sunayen masu tafiya da inda za su. Aka ce tana hannun wani da ya tafi hutu. Sau huɗu na koma. Har yau ban ga takardar ba.