Allon Baba Sale

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau!

Da safe wani dattijo, Baba Sale, ya kawo allon wasan diraf ɗinsa mai ninkewa shagona na kafinta. Na garin katako ne, ramukan sukurun hinjin duk sun zaizaye. Na cusa tsinken ashana da gam, na mayar da sukurun.

Na ce, "Baba, sai ya bushe."

Ya ce, "Hanzarta! Yau zan rama cin da Alhaji Idi ya yi min."

Bayan la'asar na kai allon majalisarsu. Tabarmi cike da mutane!

Alhaji Idi ya kalli allon, ya ce, "Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Innalillahi! Ashe wajen alwalar azahar Baba Sale ya faɗi, rai ya yi halinsa.

Na taɓa hinjin. Wallahi gam ɗin bai gama bushewa ba.