Zartsi a Fangalin Inna

Wata Laraba ce, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Muna tsakar gida muna 'yar carafke da 'ya'yan Baffa, sai muryar Malam Buba, manomin albasa, ta tashi daga zaure har kaji suka watse. "Hajo, mi kinka yi da irin da munka ba ki?" Hajo ita ce mahaifiyata, Inna muke ce mata. Ta tsaya bayan ƙyaure, hannunta duk laka, ta aike ni in kai masa ƙasar fangalin da ta shuka irin albasar a faifai ya gani da idonsa. Ya tona da yatsa, ga baƙaƙen ƙwayoyin nan kwance kamar ranar da aka zuba su. Ya watsar a gabana, ya ce ta sayar da irinsa mai kyau ta shuka soyayye.

Tun rasuwar mahaifinmu muke raɓe a gidan yayansa, Baffa Sani, a Tudun Wada. Abin da ya rufa mana asiri shi ne ɗan kangon bayan gida, inda Inna ta yanka fangaloli. Idan fadamar Kwalkwalawa tana cikin ruwa, manoma sukan kawo mata irin albasa ta rena musu, ya kai dashe su kwashe, in sun cire amfani su aiko mana da albasa da dawa. Ni ce mai jan guga safe da yamma, Inna tana yayyafi da tsintsiya tana rufewa da busasshiyar ciyawa, ni kuma in tsare awaki da kara. Kafin mako ya zagayo sai ka ga tsiro siri-siri kamar allura, kowanne da kai a lanƙwashe. Amana ce kawai jarin Inna, ba ta da wani.

A shekarar ne Baffa ya shiga fataucin fatu. Ya jibge ɗanyun ƙiraga a gindin rijiya, ana barbaɗa musu gishiri buhu-buhu, ruwan yana tsiyaya ƙasa tana sha. Ba a jima ba rijiya ta koma zartsi, sabulu ya ƙi kumfa, koko ya ƙi shawuwa. Baffa ya fara sayen ruwa wurin 'yan garuwa, amma na randa kawai. Da Inna ta roƙi ko jarka guda don fangali, sai ya tuntsire da dariya: "Shuka halshe gare ta da za ta ji zartsi?" Wallahi har yau ina jin dariyar nan a kunnena. Kuma ranar Larabar yana zaune a zauren, yana jan carbi, abin da ya iya ce wa Malam Buba shi ne, "Yi haƙuri, ka san halin mata."

Daga nan babu wanda ya sake kawo ko ƙwaya. Inna ta koma surfe da wankau har hannuwanta suka tsage, fangalolin suka yi farin ɓawo kamar an yayyafa kanwa. A makaranta kuwa sunana ya koma "ɗiyar mai soya iri".

Sai da na kai sakandare malamin aikin gona ya sa muka shuka wake a gwangwanayen madara, wani a ba shi ruwan famfo, wani da tsunkulen gishiri, wani da cokali cike. Na farko ya tsiro, na biyu ya fito a wahale, na ƙarshe ko motsi. Malam ya ce gishiri ne ke hana ƙwaya shan ruwa, ta mutu da ƙishi tana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da gudu na iso gida, na tarar da Inna a bakin turmi, na zayyana mata ina haki. Ko taɓaryar ba ta ajiye ba. Ta ce, "Na sani tun ranar. In na hwaɗi, gidan wa za mu kwana?"

Yanzu an cike rijiyar, an yi shaguna a kan kangon, Baffa ya tsufa da mutuncinsa ana zuwa gaishe shi. Inna ta rasu ba wanda ya wanke ta daga zargin, kuma har gobe in shuka ta ƙi fita a danginmu, sai ka ji an ce "hannun Hajo". Ni ban yafe ba. Ruwa aka ɓata, amma ita ta shanye zartsin.